Man Shafewar Barnaba Maikasuwa

"Duk ƙasar Kazaure, daga Roni har Yankwashi, mutum biyu ne ke jin Ibraniyanci: ni da wayata."

Barnaba Maikasuwa ke nan, ɗan majami'armu da ke wani ƙauye gefen Gwiwa. In ba ka san shi ba, ka huta. Gajere ne, ga tumbi kamar an kifa masaki, ga tabarau wanda ba likitan da ya rubuta masa. Surukinsa ne ya jawo mana, da ya aiko masa da waya daga Kano mai wata manhaja a ciki: ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ka dangwala kalma, sai ta fito maka da asalinta a Ibraniyanci, da ma'anarta, wani lokaci har da hoto. Tun ranar ba mu sake shan ruwa da daɗi ba. Ka ce masa ina kwana, sai ya tsayar da kai a rana ya gaya maka yadda Annabi Musa zai faɗe ta. Kuma ka lura da wannan, don nan gizo ke saƙa: Barnaba ba ya karanta aya har ƙarshe. Dangwala nan, dangwala can, kamar kaza a masussuka.

Ana nan sai tsohon mai wa'azinmu ya gaza, aka ce Rabaran zai zo daga Kazaure ya zaɓi wanda zai riƙe majami'ar. Mutum biyu ake magana: Barnaba, da Malam Nomau, wani dattijon manomi mai littafin da bangonsa ya tafi tun zamanin kwabo, wanda ke bin layi da yatsa a hankali kamar mai shuka. Barnaba ya ce ai Nomau ragowar tuwo yake ci, fassara. Shi kuwa daga bakin tukunya yake ɗiba. Ya yi alkawarin ranar zai nuna wa Rabaran abin da ba a taɓa gani ba tun daga jejin Sina'i: zai haɗa man shafewa na asali, wanda aka shafa wa Haruna ɗan'uwan Musa, kalma da kalma.

Ran kasuwar Gwiwa ya hau babur ya dira gaban Halliru mai kayan yaji. Ni ma ina wurin, na je sayen daddawa. To, ka san ɗan kasuwarmu: gara ya ce uwarsa ta ɓata da ya ce babu. Barnaba ya dangwala kalmar farko, ya ce sunanta mor, ya nuna hoton wasu jajayen dunƙule-dunƙule. Halliru ya ƙura ido, ya gyaɗa kai kamar tare suka girma.

"Ta ƙare jiya jiya, ranka ya daɗe. Amma ga yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya auno masa barkono ɗan munci, ya ce in an daka duk ja ne. Kalma ta biyu kirfa ce, ita ma wai wata Hajiya ta kwashe da safe, amma ga ƙanwarta, citta mai yatsu. Kara mai ƙamshi ya zama kimba. Ta huɗun ko wayar ma ba ta da hotonta, sai Halliru ya ce wannan dangi ne da yawa, ya haɗa masa masoro da kanumfari don kada a bar wani a baya. Na ce, Barnaba, wannan ai kayan farfesu ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni harafi nawa na sani a Ibraniyanci. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ɗauki daddawata kafin in yi abin da za a kai ni gaban dagaci.

Saura man zaitun. Wayar ta ce mudun da aka ambata ya kusa galan guda. Ɗan kwalba ɗaya ya samu a kemis, mai tsawon yatsa. Sai ya tuna darasin Halliru, ya ce mai ai ɗan'uwan mai ne, ya juye man gyaɗar matarsa Dela, wadda sana'arta ƙuli-ƙuli, har da guggubin tunkuzar da ya kwanta a ƙasan jarka. Dela ce ta yi dakan. Ta yi atishawa har ɗankwalinta ya faɗi, kajin gidan suka yi hijira maƙwabta. Ta ce masa, Maigida, ko ka ɗan gwada a bayan hannunka? Ya ce abu mai tsarki ba a yi masa gwaji, ba turaren ɗan koli ba ne.

Ranar Lahadi ta zo, tsakiyar bazara, rufin kwano na ƙara kamar ana toya waina a kai. Kowa na zuba gumi. Rabaran, dogo mai sanƙo mai sanyin magana, ya zauna a gaba. Malam Nomau ya karanta 'yan ayoyinsa ya zauna, ko minti goma bai yi ba. Barnaba ya miƙe, waya a dama, kwanon man a hagu, ya yi awa guda yana kaki da harufan da ke fitowa daga maƙogwaro, har wata tsohuwa ta miƙo masa ruwa. Sannan ya ce dattawa su matso.

Muka matso, mu shida. Kada ka tambaye ni me ya kai ni, sahu ne ya ja ni. Ya lakato da yatsa uku ya shafa wa kowa a goshi. Da ya zo kan Rabaran ya ce babba da babban rabo, ya tsoma tafi gaba ɗaya ya shimfiɗa masa a sanƙo.

Da farko ɗumi muka ji. Sai gumi ya ɗauko kayan ya gangaro da su gira, daga gira sai ido. Mai gadin majami'a ne ya fara kuka. Barnaba ya ɗaga hannu ya ce a duba, zukata sun karye, tuba ta sauka. Ni kuwa abin da ke fitowa daga bakina a lokacin ba tuba ba ne, kuma ba zan rubuta shi ba. Dattawa shida muka yi kan randa ɗaya a makance, aka yi karo, randa ta fashe. Barnaba ya ga abin ya wuce tuba, gumi ya karyo masa, ya ɗaga tabarau ya share fuska. Da wane hannu? Da wanda ya tsoma.

Sai da Dela ta kawo nono daga rugar Adda Bafillatana aka wanke idanu, sannan aka koma aka zauna, kowa ido kamar gauta. Rabaran, da tsumma a ka, ya tambayi Barnaba a wace aya ya tsaya. Ya faɗa. Rabaran ya ce Malam Nomau ya ɗora daga nan. Tsoho ya sa yatsa ya bi layi a hankali, cikin Hausar da kowa ke ji: wannan mai ba na shafa wa kowa da kowa ba ne, kuma duk wanda ya haɗa irinsa za a raba shi da jama'arsa.

Barnaba ya zube a gwiwa, wayar ta faɗi gefe. Riƙon majami'a dai ya san ya tafi wurin Nomau, yanzu zaman garin yake roƙo. Ya ce a tuna da 'ya'yansa, a tuna gonarsa, ina za shi da tsufa?

Rabaran ya jawo kwanon, ya shinshina, ya ɗan lakata ya sa a harshe. Ya jima yana tauna.

"Tashi, Barnaba, hukuncin bai hau kanka ba. An ce wanda ya haɗa irinsa. Kai yajin tsire ka haɗa." Ya juya wajen Dela. "'Yata, in da saura a ƙulla mini, sai dai a ƙara gishiri."