Rediyon Gwadabe da Hajjin da Ba a Je Ba

Yau da hantsi aka raba ni da rediyo a tsakar gidana, a gaban matata Khadiga, kuma ni da kaina na riƙe wa mai ɗaukar ƙofa har ya fita. Dawowata ke nan daga layin burodi, bayan tsayuwar awa biyu, da 'yan dunƙulen da ba su fi tafin hannun jariri ba. Ko zama ban yi ba maƙwabcina Gwadabe ya yi sallama, ya miƙe zuwa taga, ya saɓi rediyon, ya ce ya gode da ajiya. Mako uku ina ji da rediyon nan kamar gadon ubana. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san irin mutumin da kuke ɓata lokaci kuna karanta rubutunsa.

Sana'ata ba ɓoyayya ba ce: tebur da kujera a gindin bango a Suk al-Arabi, babbar kasuwar Khartoum, ina rubuta wa mutane takardun koke zuwa ofisoshin da ba sa karantawa. Wata uku da suka wuce aka kafa Babban Kwamitin Kwantar da Hankalin Jama'a, wai zai binciki abin da ke sa mutum ya yi tunanin kashe kansa, da yadda jama'a ke kallon lamarin, da yadda za a tare shi. An yi bikin buɗewa a wani otal a bakin Nilu. Mai Girma Uban Kwamitoci, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya tashi ya ce wannan ciwo na ƙasashen da ba su san Allah ba ne, a nan babu shi, amma za a yi bincike don a tabbatar wa duniya babu. Kun ga an ba da sakamako tun kafin a raba takardu, an rage wa kowa wahala. Aka sayo wa kwamiti motoci huɗu, irin waɗanda ba sa bin layin mai.

Ainihin aikin kuwa wata likita aka jibga wa, Dakta Sittana, wadda ba a ba ta ko keke ba, hafila, wato bas ɗin haya, take bi tana matsuwa kamar kowa. Tana neman mai jin Hausa da Larabci da zai zagaya gidajen mutanenmu da takardun tambayoyi a Umbadda, unguwarmu ta Umdurman, wani ya nuna ni. Aka ba ni jaka mai tambari da biro biyu, kaina ya kumbura. Ranar da ta tara mu masu zagayen don koya mana aikin an kawo ful, dafaffen wake, da man riɗi, na ci na yi nak, ga fanka tana juyawa domin a can ba a ɗauke wuta. Na farka ana tafi. Abin da na tsinta kawai, ta ce a yi tambayoyin kai tsaye, kada a kewaya.

Tambaya ta bakwai cewa take: ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka har ka yi tunanin kashe kanka? Sau ɗaya tak na karanta ta yadda take, ga Zailani mai wanki da guga, a gaban masu zaman bencin shagonsa. Ya yi a'uzubillahi, ya tofar da yawu, ya ce Musulmi ba ya wannan, wanda ya yi kuwa ko sunansa ba a ambata. Na tuna masa da saurayin nan na layin baya, shekaru huɗu da suka wuce. Ya ce ai wannan zazzaɓi ne. Haka ne kuwa, duk unguwa mun haɗa baki tun ranar cewa zazzaɓi ne.

Daga nan na ga ya kamata in gyara wa likita tambayarta. Ni Jibrin in shiga gidan dattijo, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo mini kofi, in buɗe baki in faɗi wannan magana? Sai in zauna in ce ina gajiya, a ce ba gajiya. Yaya iyali, lafiya lau. Yaya haƙuri da zamani, sai godiya. In cire murfin biro in rubuta "a'a" a lamba bakwai. Gida sittin na yi wa haka cikin kwana huɗu, kuma ban taɓa ganin unguwa mai farin ciki kamar tamu a takarda ba.

Gwadabe shi ne takarda ta arba'in da ɗaya. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma tare iyayenmu suka tsinki auduga a gonakin Jazira. Gadi yake yi a wata ma'ajiya har aka sallame shi, wai don maslahar jama'a, ba a dai gaya masa wace jama'a ba. Matarsa Rahmatu ta rasu bara. Ɗansa tilo an sauke shi daga hafila an tafi da shi bautar ƙasa ta soja, shekara biyu ba wasiƙa. Na tambaye shi yaya haƙuri, ya ce alhamdulillahi, na rubuta "a'a".

Bayan kwana biyu ya fara bin gida gida yana neman gafara. Ya ba Zailani butarsa, ya ba liman bargonsa, ya aiko wa Khadiga tukwanen Rahmatu, ni kuma ya kawo mini rediyo. To, a wajenmu wannan fassara ɗaya gare shi. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Damagaram a ƙasa za su Makka, suka tsaya a nan su ɗan huta, har yau hutawar muke yi. Kowane gida akwai hajjin da aka bari a rabi. In ka ga dattijo yana raba kaya yana neman yafiya, ka san zai ƙarasa tafiyar kakansa ne. Nan da nan unguwa ta ɗauka, aka fara kiransa Alhaji. Ni kuwa, babban mai bincike, na rungume rediyo, na ce na yafe duniya da lahira, har na ba shi sallahun zamzam da carbi da dabino. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau yana hana ni sukuni.

Khadiga ce ta tona mini asiri. Tana gasa kisra, wainarmu ta garin dawa, ta tambaye ni wa ya rubuta wa Gwadabe takardar neman izinin fita, tunda duk mai tafiya daga unguwar nan ta teburina yake bi. Ta ce hajji saura wata biyar, kuma kwana uku ke nan kwanon da take aika masa yana dawowa yadda ya tafi.

"Malam, mai zuwa Makka sai ya gundure ka da zancen Makka," in ji ta. "Shi ka ji ya ambace ta ko sau ɗaya?"

Na ce mata harkar bincike ba ta gaban murhu ba ce. Amma washegari da na kai wa Dakta Sittana takardu, sai na ba ta labarin, wai don ta ji daɗin al'adunmu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da ta yi bayani ke nan ranar ful: raba kaya, ban kwana, ƙin abinci, ga rashi a kan rashi. Ta ce tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar yin magana. Ta nemi motar kwamiti, aka ce ɗaya ta kai yara makaranta, ɗaya ta tafi ɗaurin aure garin Madani, biyu suna jiran Mai Girma ya tashi daga taro. Muka bi hafila, gada ta cushe. Ban taɓa jin nisan Khartoum da Umdurman kamar ranar ba, kuma tsoro ne zalla a cikina.

Mun same shi bayan la'asar a ɗakin da babu komai sai tabarma. Likita ta tsaya a waje, ta ce ni ya sani. Ina zama bakina ya kama "ina gajiya" da kansa, da ƙyar na tsayar da shi.

"Gwadabe, ba Makka za ka ba, ko?"

Ya kawar da kai, ni kuma na yi masa ta kai tsaye.

"Kana tunanin kashe kanka ne?"

Na jira ya tofar da yawu kamar Zailani. Sai ya rufe fuska da hannun riga.

"Ina kan benci ranar da ka karanta wa Zailani tambayar nan, ya Jibrin," in ji shi. "Da ka shigo gidana da takarda, na zauna ina jira ka yi mini ita."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, ni da gemuna.

Ban ce ya warke ba, likita ta ce abin a hankali ne. Tana ganinsa duk mako. Khadiga ta kafa doka, ba ya sake cin abinci shi kaɗai. Liman, Allah ya saka masa, ya zo ya zauna da shi ba wa'azi. Zailani ya mayar masa da buta. Ni kaɗai na yi ta noƙewa da rediyon, har yau mai shi ya gaji ya zo ya ɗauka. Likita ta riga ta gaya mini cewa wanda ya dawo neman kayansa shirin zama yake yi, shi ya sa na riƙe masa ƙofa.

Na roƙe ta a ba ni takarda ta arba'in da ɗaya in gyara. Ta ce an kwashe su tun tuni, rahoto ya fita, har an yi bikin rufewa a otal ɗin nan. Ɗazu da la'asar Gwadabe ya ɗora rediyon a kan katanga don mu ji labarai tare. Mai karantawa ya ce bincike ya tabbatar ba a sami ko mutum ɗaya mai irin wannan tunani ba a duk faɗin Umbadda, kuma kwamiti yana jinjina wa jajirtattun ma'aikatansa.

Gwadabe ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Jibrin, da kai ake." Ya yi dariya, ta farko tun rasuwar Rahmatu.

Saboda haka, ranka ya daɗe Uban Kwamitoci, in an tashi raba lambar yabo kada a manta da ni. Da birona aka rubuta muku wannan sifirin, kuma sifirin, wato Gwadabe, yanzu haka yana zaune a tabarmata yana jiran Khadiga ta sauke tuwo.