Mawalid a Cikin Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kira surukina kifi ba, a cikin falonsa, da kofin shayinsa a hannuna.

Lokacin shekarata uku a Jidda. Umara ta kawo ni, na zarce da zama, har na samu aiki a wani shagon kifin ado a unguwar Aziziyya. Aikina goge gilashi da zuba abinci, amma gaskiya rabin yinina a tsaye yake ƙarewa gaban haud, wato babban akwatin gilashin da kifayen ke ciki, ina kallon shuɗin haske yana wasa a ruwa. Akwai wani ɗan kifi ruwan lemo mai farar ɗamara uku, Larabawa na ce masa muharrij, ɗan kama ke nan. Shi ba iyo yake yi ba, rangaji yake yi. In na ƙura masa ido sai in ga na yi iƙama, wato takardar izinin zama, na yi gida a Abhur, ga teku a bakin ƙofa, ga masoyiyata Sa'adiyya tana shanya a sama. (Mai shago ne ke dawo da ni duniya da "Yalla!")

Namu ba daga teku ake kamo su ba, a gidan kiwo ake ƙyanƙyashe su. Muna sayar da su cikin wata 'yar kwalba mai tumbi, wadda ko kwanon sha ya fi ta fili. Na san ba sa daɗewa a ciki, don ina ganin masu saye na dawowa da kwalba ba kowa. Amma mai shago ya koya mini amsa: a nan aka haife su, ba su san teku ba. Ni kuma da nake ji da Larabcina, sai na dunƙule ta a kalma ɗaya: mawalid. Haka ake kiran 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya ya saya, har bakina ya saba.

Sa'adiyya ita ce wadda nake nema da aure, 'yar unguwar Ruwais. Mahaifinta, Baba Sale, direba ne. Kakanninsa da ƙafa suka zo hajji daga Katsina, shi kuwa nan aka haife shi. Ranar da ya yarda in zo mu gana, mai hankali dabino zai riƙo ko turare. Ni na rungumo kifi a kwalba, ina tafe ina hango yadda za a yaba mini.

Bayan la'asar ne. Falon ƙarami, katifu a jingine da bango, alamar nan ne ɗakin kwana kuma. Daga bayan labule ina jin Sa'adiyya tana juya cokali a kofi. Baba Sale ya ɗora kwalbar a gwiwarsa ya daɗe yana kallo. Kifin ya zagaya, ya bugi gilashi da baki, ya sake zagayawa.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "gidan nan bai yi masa kaɗan ba?"

"Ai Baba, mawalid ne," na ce. "Nan aka haife shi, bai san wani wuri ba. Ko a kofi ka sa shi zai zauna, ba ya ƙorafi."

Har da 'yar dariyata. Na ma dakata ina jiran tasa.

Cokalin bayan labule ya tsaya. A nan ne maganar ta dawo kunnena, na ji ta yadda suka ji ta. Na rasa inda zan ajiye kofin, na rasa inda zan ajiye idona.

"Sahih, haka ne," Baba Sale ya ce a hankali. "Ba ma ƙorafi."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ci gaba da kallon kifin. "Ni ban taɓa ganin Katsina ba. Amma wallahi ina mafarkinta, har da itacen da kakata ta ce yana ƙofar gidansu."

Na buɗe baki zan ce ba haka nake nufi ba, sai muryar Sa'adiyya ta fito daga bayan labule, Hausarta mai nauyin Larabci: "Baba, ka ce masa halas, ya isa haka. Ya ɗauki ɗan'uwanmu ya sama masa gida tukuna. Ba'adain, daga baya, mu ga ko zai iya sama wa mutum."

Haka na fito rungume da kwalbata, na san auren na lilo. Na yi niyyar in juye shi a teku in huta, mai shago ya ce ko yini ba zai yi ba, don bai iya neman abinci ba, bai iya ɓuya ba. Wannan ma ta dake ni. Wata huɗu na yi ina harhaɗa gilashi da famfon iska da dutsen ruwa, na haɗa wa kifin haud, kafin na sake iya taka Ruwais. A shago kuwa na daina miƙa kwalba, sai in ja mai saye gaban haud, mai shago na harara ta.

An dai ba ni Sa'adiyya. Haud ɗin ya cinye bango guda na ɗakinmu, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa gilashi. Na koyi cewa shirun wanda ke cikin kwalba ba ya nufin ta ishe shi, kuma kafin in yi wa kifi suna in duba gidan wa nake. Har yau in na yi mitar ƙuncin ɗakin, Sa'adiyya takan dube ni ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri. Kai da ka san teku."