Rigar da na ɗinka wa Duna

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita. Ni tela ne. Shekara ashirin da shida ina taka keke, da farko a unguwar Zongo, daga baya a Talladje, inda na mai da zauren gidana shago. Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko (aji huɗu na tsaya), amma hannuna ya san awo. Abin da ban sani ba shi ne jinyar dabba.

Duna karya ce baƙa, kuma ba tawa ba ce. Ta yayana ce, Isufu, wanda ya yi gadin wata mangaza ta ajiyar kaya a unguwar Yantala har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Zuwana na ƙarshe wurinsa, bai yi min zancen gona ko kaya ba. Cewa ya yi, "Ka riƙe min Duna. Kada ka bari a jefe ta." Na ce to, don ba a musu da mara lafiya. Bayan kwana uku ya rasu, ni kuma na dawo gida da igiya a hannu, ina bin lunguna don kada a gan ni.

Sau biyu tana haihuwa a ƙarƙashin teburin yankana. Da karnukan unguwa suka sake fara taruwa a ƙofar gida, maƙwabta suka aiko min cewa in ban yi wani abu ba, za su sa mata guba. Shi ya sa na kai ta wurin likitar dabbobi aka yi mata aiki, aka cire mahaifar. Likitar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta nuna min ɗinkin da ke cikin Duna, ta ce, "Baba, kwana goma. Ba gudu, ba tsalle, ba wanka. Ƙwaya safe da yamma. Kuma kada ta lashi wurin. In ta kwance zaren, cikin zai buɗe." Na duba ɗinkin da idon sana'a. Ba laifi, amma da ni ne da na fi matse shi.

Ta sa mata wani abu na roba a wuya, kamar babban mazurari. Duna ta ƙi shi. Ta dinga karo da bango, ta kasa kai baki ga kwano, ta kwana biyu ba ta ci komai ba. Sai ta kwanta ta zuba min ido, irin kallon da Isufu ya yi min a kan tabarma. Na kira likitar a salula, ta ce in ba yadda za a yi, in cire, in sa mata wata tsohuwar riga da za ta rufe cikin.

To, a ce wa tela tsohuwar riga.

A makon nan aikin bikin 'yar Hajiya Ramatu ne a hannuna. Hajiya tana bayan layinmu, shekara goma sha takwas ni nake mata ɗinki. Ta kawo atamfar anko, koriya mai zanen fitilu ruwan ɗorawa, na ɗinka wa matan dangi duka. Yanzu sai in faɗi abin da kowane tela ya sani amma ba ya faɗi. Daga kowane turmi nakan rage kaɗan. Ban taɓa kiran abin sata ba; ƙyalle nake ce masa, ko da ƙyallen ya isa zane. Ranar Talata Hajiya ta zo da kanta ta ce, "Tela, ba abin da ya rage? Inna Hamsatu ta zo daga ƙauye, ƙanwar mahaifiyata ce, ba mu lissafa da ita ba, a kasuwa kuma atamfar ta ƙare. Ko ɗankwali ne a fitar mata, kada ta zauna daban."

Na ce, "Hajiya, ko na ɗaure yatsa bai rage ba."

Ragowar tana cikin buhu, a bayan ƙafata.

Ranar Laraba, da na tashi yi wa Duna riga, na zazzage buhun. Shadda ta yi tauri, leshi zai kama zaren ciwon. Wannan atamfar ce kaɗai mai laushi, musamman bayan na wanke ta. Na auna Duna daga wuya zuwa gindin wutsiya, na fitar da ramin ƙafafu huɗu, na ninka cikin biyu, na mai da duk ɗinkin waje don kada ya goge ta, na sa maɓallai a gadon baya inda bakinta ba ya kaiwa. Matata Zali ta tsaya a kaina ta ce, "Maigida, wannan ba ta Hajiya ba ce?" Na ce karyar da ba ta fita ko zaure, wa zai gan ta? Zali ta juya ta koma cikin gida. (Shirunta ya fi faɗanta ciwo, amma ranar ban kula ba.)

Rigar ta yi aiki. Duna ta soma ci. Ina murƙushe ƙwayar a cikin romo, in ba ta da hannuna, in duba ciwon ko ya yi ja, sannan in je in wanke hannu har gwiwa kafin alwala. Cikin kwanakin nan ta saba da ni fiye da duk shekara biyun da ta yi a gidan. In na tashi, sai ta yunƙura. In na shiga ɗaki, sai ta yi ta kuka ƙasa-ƙasa.

Asabar da safe aka ɗaura aure. Na ɗaure Duna a gindin dalbejiya, na sa farar rigata ta Juma'a, na tafi. An shafa fatiha, ana rabon goro da dabino a ƙarƙashin rumfa, mata sun fito ƙofar gida cikin korensu. A gefe, kan kujerar roba, wata tsohuwa tana zaune cikin shuɗin zane da ya sha wanki, ita kaɗai. Na gane ko wace ce. Na kau da kai.

Sai na ji hayaniyar ta fara mutuwa daga bakin layi, tana matsowa. Na waiga.

Duna ce. Tana tafe a hankali, tana jan guntun igiyar da ta tauna, kai a ƙasa tana shinshina sawu. Ga koriyar atamfa, ga fitilu ruwan ɗorawa, ga maɓallai a jere. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariya da ya fi min sauƙi. Mata suka dubi jikinsu, suka dubi karya. Wata ta ce, "Wannan ai cin mutunci ne. Wani maƙiyi ne ya aiko ta." Hajiya ta fito tsakiya, ta ce, "Ta wa ce?"

Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Tela, ba irin taka ba ce?"

Na ce, "Ban san ta ba."

Haka na faɗa, da bakina, goro a cikinsa. Duna kuwa ta ji muryar. Ta ɗago kai, ta kaɗa wutsiya, ta nufo ni. Ɗaya daga cikin masu dafa abinci ta zaro itace daga murhu, wani mutum ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ta tsorata, ta yi tsalle gefe, tsallen da likita ta hana, ta faɗi a kan ƙafafuna. A nan na ga koren cikin rigar yana komawa baƙi. Jini ne.

Ban yi wani tunani mai kyau ba, kada ku ɗauka na yi. Muryar Isufu kawai na ji. Na ce, "Kada wanda ya jefe ta. Tawa ce." Na durƙusa na ɗauke ta a ƙirji, jinin yana shiga farar rigata. Da na miƙe, Hajiya tana gabana. Ta kama gefen rigar Duna da yatsu biyu, ta juya, ta duba ninkin. Ta ce, "Ko na ɗaure yatsa, ko?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara da cewa, "Shekara goma sha takwas, Tela, ba ka taɓa yi min ɗinki mai kyan wannan ba."

Taksi uku suka ƙi ɗaukarmu. Na huɗu ya yarda, bisa sharaɗin in riƙe ta a cinya. Zare biyu ne suka tsinke, cikin bai buɗe ba. Likitar ta sake ɗinkewa, ta yi min faɗa kamar ɗanta, sannan ta ce rigar ce ta hana ƙasa shiga ciwon. Na ɗauki Duna muka koma gida.

Washegari na fitar da abin da ya saura. Ya isa ɗankwali har da ƙaramin mayafi. Na ɗinka, na kai gidan. Hajiya ta ƙi fitowa. Inna Hamsatu ce ta karɓa, ta shafa shi a cinyarta, ta ce, "Biki ai ya wuce, ɗana. Yaya mai jikin?" Sai da na ɗan jima kafin na gane Duna take nufi. Na ce da sauƙi. Ta ce, "To, ka kula da ita. Ta san ka, ko da kai ba ka san ta ba."

Duna ta warke. An cire zare rana ta goma sha huɗu, yanzu haka tana kwance a ƙarƙashin keke. Hajiya ta yi wata bakwai ba ta taka shagona ba, da yawan matan dangin kuma har yau ba su dawo ba. Da ta dawo, sai ta ja kujera ta zauna har na gama yanka, ta tattara ƙyallenta ta zuba a jaka. Haka take yi har gobe.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Yanzu kowa nakan ƙulle masa ragowarsa a leda, ko da bai isa ɗaure yatsa ba. Kuma in har wani telan ya nace sai ya rage, to shawarata ɗaya: kada ya ɗinka wa mai ƙafa huɗu, don ita ba ta iya cewa ba ta san ka ba.