Yadda Za Ka Burge Kakarka Daga Kan Benci

Shekara huɗu kana cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejinku, koci bai taɓa ganin zufarka ba? Ka riga ka gaya wa kakarka a waya cewa da kai ake damawa, ga shi kuma wasan Asabar a garin da ke kusa da gonarta za a yi? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ta koma gida kanta a sama. Leland Haugen ya gwada su a jihar Dakota ta Arewa ta Amurka cikin sanyin Janairu, kuma har yau yana raye.

Mataki na 1: Shiga bas kamar da kai za a yi

Kujerar gaba ta koci ce, na baya na manyan 'yan wasa ne masu miƙe ƙafa. Taka ita ce wadda tagarta ke shigo da iska. Rufe ido, ka riƙa gyaɗa kai, za a ɗauka dabarun wasa kake bita.

Awa shida Leland ya yi a haka, dusar ƙanƙara na dukan gilashi. Tavion, gwanin ƙungiyar, ya leƙo.

"Haugen, me kake haddacewa? Naɗin tawul?"

"Kakata za ta zo."

"Ta san aikinka?"

"Ta san ina da riga."

Mataki na 2: Motsa jiki kafin wasa, shi ne wasanka

Minti ashirin ne, kada ka yi wasa da su. Yi tsalle, yi gudu, ɗaure fuska. In an kira sunanka daga cikin 'yan kallo, yi kamar ba ka ji ba.

Kaka Ardis tana layi na uku cikin kwat ɗin marigayi mijinta. Shekarunta tamanin da huɗu, idonta ya fara dusashewa, shi kuma Leland bana zai gama. In ba ta gan shi yau ba, shi ke nan.

"Leland, ka ci abinci kuwa?"

A gaban mutum dubu biyu ya ce, "Na ci, Kaka." Wannan kuskure ne, kada ka kwaikwaya.

Mataki na 3: Riƙe tawul da daraja

Masana benci sun yi ittifaƙi cewa mai tawul a wuya ba a sanin ko yanzu ya fito daga fili. Yayyafa ruwa a goshi. In koci ya tara 'yan wasa, cusa kanka cikin da'irar, ka nuna wani wuri da yatsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Kaka Ardis ta kamo hannun Leland. "Ajiye ka suke yi sai ƙarshe ko?"

"Haka ne, Kaka."

Kunya ta kama shi har tafin ƙafa, don bai saba yi mata ƙarya ido da ido ba.

Mataki na 4: Roƙi Allah a yi kaca-kaca

Wasan kunnen doki makiyinka ne. Ku lallasa su ko su lallasa ku, duk ɗaya ne a wurinka. Ranar nan ƙungiyar Leland ta ba da ratar maki ashirin da biyu. Saura daƙiƙa goma sha tara, Koci Dubek ya waiwayo ƙarshen benci.

"Haugen, shiga. Ka san doka."

Kowa ya santa. In kun yi nisa haka kuma lokaci ya kusa ƙarewa, ba a jefa ƙwallo a kwando. Buga ta kake yi da ƙasa har a busa, don jefawa cin fuska ne ga masu gida.

Mataki na 5: Kada ka jefa

Tavion ya miƙa masa ƙwallo. Fili ya yi tsit, sai muryar Kaka Ardis.

"Jefa mana, ɗan nan, me kake jira?"

Mai tsaronsa, ɗan masu gida, ya kalli layi na uku. "Taka ce?"

"Tawa ce."

"To yi sauri." Ya ja da baya.

Leland ya jefa. Ko bakin ƙarfen ƙwallon ba ta taɓa ba. 'Yan kallo suka kaure da sowa da dariya.

Koci Dubek ya nufo shi fuska a murtuke, ya tarar tsohuwar ta riga shi isa, tana lalubar rigar jikanta.

"Malam koci, ni kwandon ya yi mini nisa. Ta shiga?"

Koci ya dubi Leland, ya dube ta, ya cire hularsa.

"Ta shiga, Iya."

Sai da ta juya ya raɗa wa Leland, "Litinin, za ka hau matakalar fili da gudu, sau arba'in."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da ciwon cinya, da fushin koci, da tsokanar awa shida a hanyar komawa. Haka kuma babu hannunsa a abin da zai tokare maka maƙogwaro ranar Lahadi, in ka ji kakarka ta miƙe a coci tana ba mutane labarin ƙwallon da ka ci. Wannan kai za ka san yadda za ka haɗiye shi.