Yadda Za Ki Gano 'Yan Sai-Kallo a Shagonki na Intanet

Ke mai sayar da jakunkuna da takalma ta intanet, matso kusa. Ki bi matakan nan biyar, na ba ki tabbacin cikin mako guda babu kwastomar da za ta sake manta ki. Ni na gwada, har yau ana zancena.

1. Daina ganinsu a matsayin mutane

Buɗe manhajar shagonki ki duba wa ta shiga, me ta taɓa, minti nawa ta yi tana ƙare wa jan takalmin nan kallo. Masana sun ce wannan shi ne kula da kwastoma. A da sa ido muke ce masa.

2. Kasa su kashi-kashi

Akwai 'yan Nawa-Ne, masu tambayar farashin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan hoto. Akwai 'yan Zan-Dawo, Allah ya dawo da su lafiya. Akwai 'yan gaban goshi, mata tara da ke saye duk wata ba tare da neman ragi ba, su ne ke riƙe da shagon. Sai 'yan Sai-Kallo, kullum suna ciki, amma ko silifas ba su taɓa ɗauka ba.

3. Kada ki duba fuskar kowa

Idan kin tarar surukarki ce kan gaba a masu kallo, ta buɗe hoto ɗari huɗu ba ta sayi ko ɗaya ba, jefa ta cikinsu. Na san shekara biyu kika yi kina lallaɓa ta kafin ta fara yi miki murmushi. To sai me? Manhaja ba ta san suruka ba.

4. Bar na'ura ta yi gaisuwa

Kowane rukuni da saƙonsa. Za ki ga wani gurbi da aka rubuta "suna". Kada ki ɓata lokaci wajen duba ko sunan mutum zai saka ko na rukuni, babbar 'yar kasuwa ba ta karanta ƙananan rubutu. Danna ki tafi wanki. Kafin ki shanya, mutum saba'in sun samu: "Barka da hantsi, Sai-Kallo! Muna alfahari da ke."

5. Saurari ra'ayin kwastoma

Surukarki za ta zo da kanta, ta zauna a kan kwalin takalma, ta ƙi shan ruwan da kika kawo.

Ki durƙusa ki ce, "Mama, wallahi na'ura ce..."

Za ta ce, "Na'urar ce ta raɗa mini sunan? To gaskiya ta faɗa, ban taɓa saye ba, ƙafata ba ta shiga irin takalmanki. Amma matan nan da ke saye wurinki duk wata, wa kike tsammani ke tura musu hotunan kullum da safe, tana cewa kayan 'yata ne, ku saya?"

A nan babu dabarar da zan ba ki. Ni dai kuka na yi, don ban taɓa jin surukata ta ce mini 'yata ba sai ranar.

Gargaɗi: marubuciya ba ta da hannu idan matan nan tara suka yi ɗif lokaci guda, ko maigida ya koma amsa miki da "uhm". Kada kuma a kira ta neman ƙarin bayani. Tun safe tana tsaye a ƙofar gidan surukarta tana sallama, ana leƙo ta ta taga, ba a amsa ba tukuna.