Yadda wayar gidanmu ta hana mu gyaran kwata

Yau da safe na faɗa kwatar unguwarmu ina tsaka da dariya, kuma dariyar ma ta hukuma ce. Ƙafar dama ta nutse har gwiwa, silifa ɗaya ta tafi ba sallama. Har yanzu haushin bai sake ni ba, don haka ku saurara.

Shekara huɗu ke nan kwatar nan a toshe. Duk damina sai ruwanta ya shigo mana har ɗaki. Mun kai kuka ofis har masu gadi sun haddace sunayen 'ya'yanmu. To, bana Mai Girma Uban Walwalar Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya kawo manhaja. Wayarka za ta auna tafiyarka da hirarka da barcinka, ta gaya wa hukuma ko kana cikin damuwa. Unguwar da ta fi ƙunci ita za a fara yi wa aiki. Muka ce shi ke nan, kwata ta gyaru, don a ɓacin rai babu mai kamo mu.

Sakamako ya fito, mu ne na ɗaya a farin ciki duk birnin. Wanda ya fi kowa walwala kuma, wai ni.

Abin da masanan Mai Girma ba su sani ba, waya ɗaya ce a gidanmu, kuma da sunana aka yi mata rajista. Da safe ƙanin matata Shakil ke fita da ita a kekensa na ɗaukar fasinja, ya karaɗe gari. Da rana matata ta kira mahaifiyarta, wadda muke ce wa Amma, a ƙauye, awa biyu suna zagin farashin albasa suna ƙyaƙyatawa. Kafin magariba caji ya ƙare, ga ba wuta, sai ta kwanta har gari ya waye. Manhaja ta ga mutum mai motsa jiki, mai zumunci, mai barci kamar jariri. Kusan kowane gida a layinmu haka ne.

Maƙwabcina Ghanshyam-ji, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya tara mu a rumfar mai shayi. Ya nuna ni da kofi ya ce, "Bhai sahab, ɗan'uwana, da wannan fuskar taka ka ci gasar farin ciki? Ko a bikin 'yarka Rukhsana mutane ta'aziyya suka riƙa yi maka." Aka yanke shawara kowa ya binne wayarsa a garwar garin gurasar chapati kwana goma, ba fita, ba kira.

Matata ta gargaɗe ni: "Abban Rukhsana, in Amma ta ji ni shiru, bas za ta hau." Kwana na uku Amma ta iso da akwati biyu. Tana nan har yau, kuma a gadona take kwana.

Sai dai dabara ta ci. Muka faɗo na ƙarshe, aka rubuta mu cikin mawuyacin hali. Don murna muka sayi alawar jalebi muka raba gida-gida, muka zauna jiran masu haƙa.

Shekaranjiya mota ta tsaya, wani mutum ya fito da fararen kaya da usur a wuya. Malamin dariya ne. Kullum ƙarfe shida na safe za mu jeru, mu ɗaga hannu sama, mu yi ho-ho, ha-ha, har minti arba'in. Na tambaye shi zancen kwata, ya ce bayanan waya ba su nuna kwata ba, ƙunci suka nuna, kuma ƙunci aka turo shi ya gyara. Filin da zai ɗauke mu duka kuwa bakin kwatar ne kaɗai.

Can nake yau, hannuwa a sama, ina ha-ha da zuciya kamar ta fashe, santsi ya kwashe ni. Unguwa kaf ta tuntsire da dariya ta gaske, irin wadda ba a yi ba shekara huɗu. Ghanshyam-ji har da zama a ƙasa, Amma tana share hawaye da gefen gyale. Malam ya ɗauki hotonmu, ya ce bai taɓa ganin warkewa da sauri haka ba, yau ɗin nan zai kai rahoto a cire mu daga jerin masu buƙata.

Saura mako uku damina ta sauka. In har Mai Girma ya taɓa turo masu haƙa, don Allah a duba min silifa, shuɗiya ce, ta ƙafar dama. Ba sauri nake ba. Na san inda take, na kuma san babu mai taɓa wurin.