Ranar da Na Kawo wa Hajiya Keji

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na shiga gidana da keji ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, ina jin kaina gwani, na zubar da mutuncin da na yi shekara takwas ina tarawa wurin surukata.

Ni malamin lekwal ne, wato makarantar boko, a Tasawa, mushe kamar yadda yara da iyayensu ke kiran malami da Faransanci. Ina da ɗiya, Rakiya, lokacin shekarunta shida. Wata rana na yi suɓul da baka na ce mata in ta iya karanta shafi guda ba ta tsaya ba, ta faɗi abin da take so. Na zaci alawa za ta ce, ko takalmi mai fitila. Ranar da ta karanta shafin sai ta ɗago kai ta ce zomo take so. (Ni da ke zana wa yara zomo a allo ina nuna musu sassan jikinsa, ban taɓa riƙe shi da hannuna ba. Amma ban gaya wa kowa ba.)

Akwai wani abokin aikina a Mayahi da ke kiwonsu. Na je ya ba ni zomanya guda, fara sol, mai ƙiba, cikin kwali. Ya fara yi mini bayanin irin wurin da ya kamata in ajiye ta, na katse shi na ce ai na karanta duk wannan.

Da na sauke kwalin a gida, zomanyar ta fito ta hau tsakiyar tabarma, ta tattara ƙafafunta ta zauna, bakinta na motsi ba tsayawa. Rakiya ta dube ta, ta dube ta, ta ce sunanta Hajiya, wai haka kakarta ke zama in tana cin goro. Hajiya ita ce mahaifiyar matata Sa'a, tana zaune a Urafane. Sa'a ta ce kul, a sake suna. Ni kuwa, maimakon in goyi bayanta, sai na fashe da dariya, na ce tsakanin jika da kaka ba mai shiga, kuma in za a faɗi gaskiya akwai kama. Sunan ya zauna. Kafin mako ya zagayo har Sa'a da bakinta ta fara cewa Hajiya.

Ya kamata ku san irin zaman da ke tsakanina da Hajiyar gaske. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, in gaishe ta kaina a ƙasa, in miƙe in ɓace. A Urafane da ni take misali, tana cewa cikin surukanta duka ba mai kunya da ladabi kamar mushen Tasawa. Labarin yana dawo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, yana mini daɗi.

To, sai maganar inda za a ajiye zomanya. Kwalin da ta zo ciki ta cinye gefensa kwana ɗaya. Na saka ta akurkin kaji, kajin suka yi yaji suka koma kwana bisa katanga. Na kai ta madafa, ta huda buhun wake. Na kewaye mata lungu da bulo, na tsaya ina yaba aikina, washegari sai ga maƙwabcina da ita a hannu. Ta haƙa rami ƙarƙashin katanga ta ɓulla gidansa, ta yi wa ƙananan zogalensa aski. Daga nan na bar ta tana yawo a gida yadda ta ga dama. Ta cinye kaye uku, wato littattafan rubutu, na ɗalibaina da na kawo gida in duba (na gaya musu ruwa ne ya ɓata), ta cika tsakar gida da kashi kamar an watsa wake, daga ƙarshe ta datse wayar da nake cajin salula da ita.

Ranar na ce ya isa. Na je wurin mai walda da zanen da na yi da hannuna: ƙafafu huɗu na ƙarfe, ragar waya ta ko'ina, rufin kwano, ƙofa da kwado. Ya tambaye ni ko na tabbata kwano nake so a wannan zafin, na ce ya yi aikinsa kawai.

Ranar karɓa na tashi daga lekwal bayan la'asar na wuce can. Salulata a mace take tun safe, saboda dalilin da kuka sani, don haka ban ga kiran da Sa'a ta yi ta yi mini ba. Muka ɗaure kejin a bayan moto. Ya yi faɗi da yawa, da na iso gida bai shiga zaure ta gaba ba, sai na juya na riƙa jawo moton da baya baya, bayana na kallon tsakar gida. Ban yi sallama ba. Gidana ne, kuma ina cike da nasara. Tun daga zaure na ɗaga muryar da nake tsawata wa yara saba'in da ita.

"Sa'a, ina Hajiya? Kamo mini ita. Yau yawonta ya ƙare, ga keji na kawo mata har da kwado."

Na ji Sa'a ta ce "Malam" da wata ƙaramar murya. Na ce kada ta ce mini komi, kullum ita ke kare ta. Na ci gaba da jan moto ina lissafa laifuffuka: ta cinye mana wake, ta kunyata ni wurin maƙwabta, ta ɓata mana tsakar gida, baki kullum na motsi kamar injin niƙa.

"In ta ƙi shiga ki kama ta ta kunne. Ta ƙara yi mini ɓarna ɗaya, wallahi miya za mu yi da ita."

Sai na juyo.

Hajiya ce zaune a tsakiyar tabarma, ta tattara ƙafafunta, da ɓarin goro a hannu ya tsaya tsakanin cinya da baki. Gefenta mata biyu ne tsofaffi daga Urafane da suka rako ta ganin likitan ido. Ɗaya daga cikinsu ta riga ta jawo ƙullin kayanta ta rungume. Sa'a na bakin madafa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. (Na zaci kuka take. Daga baya ta ce mini ba kuka ba ne.)

Na saki moto don in durƙusa. Moton ya faɗi, kejin ya bugi ƙasa da ƙarar da ta sa kaji suka watse. Na cire takalmi ɗaya, na manta ɗayan. Na buɗe baki in yi gaisuwa, abin da ya fito shi ne "ina kwana", rana na shirin faɗuwa.

Ana haka sai ga Rakiya ta fito daga ɗaki rungume da zomanya, ta miƙo mini ta ce ga Hajiya. Na ji sanyi a raina, na ce yanzu kowa zai gane. Sun kuwa gane. Sai dai yarinyar ba ta tsaya nan ba. Ta juya ta bayyana wa kakarta dalilin sunan dalla-dalla, har da kwaikwayon tauna goro, ta rufe da cewa Inna ta hana amma Baba ya ce gaskiya akwai kama.

Hajiya ta dubi zomanyar. Ta dubi kejin. Ta saka goron a baki ta tauna a hankali, sannan ta juya wajen ɗiyarta, ba wajena ba.

"Sa'a, gaya mishi kejin nan bai kai ni ba. Takwarata ma in ya saka ta ƙarƙashin wannan kwano, kafin azahar ta gasu, ba sai ya nemi itacen miya ba."

Tsofaffin nan biyu suka kife da dariya har ɗaya na share hawaye. Ni ina durƙushe da takalmi ɗaya.

Kwana uku Hajiya ta yi a gidan, kuma kwana ukun nan ni ne lebura. Ashe ta yi kiwon zomaye shekaru da yawa kafin idonta ya raunana. Tana zaune a tabarma tana ba da umarni ta bakin Sa'a, ko da ina tsaye gabanta. A gaya mishi ya kai kejin ƙarƙashin dogon yaro. A gaya mishi ya ɗora zana bisa kwanon. Ya shimfiɗa katako a gefe ɗaya don ragar na cin ƙafar dabba. Ya samo tsohuwar tukunyar ƙasa ya kwantar a ciki ta samu wurin ɓuya mai sanyi. Harawa da dusa, da ruwa safe da yamma, kuma ba a ɗaukar zomo ta kunne, wa ya koya mishi? Na yi duka ban ɗaga kai ba. Zomanyar ta shiga tukunyarta ta miƙe ƙafafu, ba ta sake ɓarna ba.

Na zaci magana ta wuce. Bayan mako biyu sai ga ɗan kabu-kabu daga Urafane da kwando. A ciki namijin zomo ne, ramamme, mai manyan kunnuwa, yana ta buga ƙafa a ƙasa ba dalili. Mutumin ya ce Hajiya na gaida takwararta, ga miji ta aiko mata, kuma an riga an raɗa masa suna. Sunansa Mushe.

Yanzu zomayen sun kai goma sha wani abu, kuma duk Urafane ba wanda ke misali da ni sai in ana son dariya. Abin da na koya kaɗan ne amma na riƙe shi da kyau: ko gidana zan shiga, sai na yi sallama, na jira an amsa, na leƙa na ga waye a tabarma, sannan in buɗe baki.